Hoton tauraron ɗan adam kaɗai ba ya ƙirga itatuwan Falgore

Akwai labarin da ya nuna kamar da hoton tauraron ɗan adam an gama sanin halin da dazuzzuka suke ciki. Jama'a, akwai sauran aiki.

Kowane ɗigo a hoton tauraron Landsat fili ne mai mita 30 tsawo da faɗi, kuma sai bayan kwana 16 tauraron yake komawa wuri guda. Na Sentinel-2 mita 10 ne, duk kwana 5. Mai gawayi da ya tsinci kirya uku a dajin Falgore na jihar Kano ya sare, ɗigon mita 30 ba zai nuna shi ba. Da haka daji yake ƙarewa, taswira tana nan koriya.

Lokacin ɗaukar hoto ma yana ruɗarwa. Da damina ciyawa da gonaki suna kore kamar itace, ga gajimare ya rufe ƙasa. Cikin hunturu hazo yana dusashe hoton, itatuwa sun zubar da ganye, ga tabon gobarar daji. Wanda ya gwada hoton Satumba da na Fabrairu zai ce an sare rabin dajin, alhali ganye ne ya zuba. A gwada Nuwamban bana da Nuwamban bara, bayan ciyawa ta bushe. A dazuzzukan Kuros Riba kuwa, inda gajimare ba ya yayewa, sai an haɗa da radar ta tauraron Sentinel-1, don tana ratsa shi.

Hotunan nan kyauta ne. Kuɗin da za a kashe ya kamata ya tafi wajen horar da ma'aikatan gandun daji da sama musu babura da na'urar GPS, su je Tudun Wada da Doguwa, inda dajin Falgore yake, su tabbatar da abin da aka gani daga sama.