Bakano, Bazazzagi da Basarke a garin dorina

Alhaji Bakano ya je Durban ta Afirka ta Kudu sarin kaya. Ya ɗauki Malam Bazazzagi saboda shi ke jin Turanci, Basarke kuma ya biyo su don an ce masa ƙasar akwai ruwa. Da kaya suka yi jinkirin fitowa daga tashar jirgin ruwa, sai Malam ya lallaɓe su suka hau mota, tafiyar kamar awa uku arewa, zuwa St Lucia, wani ɗan gari a lardin KwaZulu-Natal da ke maƙale tsakanin Tekun Indiya da wani makeken tafki. Ga su nan a bakin ruwa.

Bakano: Malam, dakata. Kuɗin nan da ka miƙa ta taga, na mene ne?

Bazazzagi: Na jirgi ne, Alhaji. Awa biyu za a zaga da mu cikin tafki mu ga dorina da kada.

Bakano: To, in mun gani sai a ba mu?

Bazazzagi: A ba mu me?

Bakano: Dorinar mana. Ko da cinya ɗaya ce.

Bazazzagi: Kallo za ka yi ka sauko, iyakarta ke nan.

Bakano: Innalillahi! Na rufe shago a Kantin Kwari, na tsallake ƙasashe, na zo sayen kallo. Laifina ne da na ba Bazazzagi riƙon jaka.

Bazazzagi: Da Bakano na bar wa jakar, da yanzu muna leƙen tafkin ta kafar shinge.

Basarke: Ku bar gardama. Ni hwa dorina 'yar gida ce. Kakana in ya tsaya bakin Kwara a Yawuri ya yi kira, layi suke yi su zo gaisuwa. Kun ga wanga guru da ke ƙuguna? Gado ne.

Jirgi ya tashi. Wani saurayi Bazulu mai hular malafa ya ɗauki lasifika yana bayani, Malam yana mayar musu.

Bazazzagi: Ya ce kowa ya janye hannunsa daga ruwa. Akwai dorina wajen 800 a nan, kadoji kuwa sun haura 1,000.

Bakano: Dorina 800? Tsaya in ciro kalkuleta. Fatar guda ɗaya bulala nawa za ta ba da? Ka san tsadar bulalar dorina a Kasuwar Kurmi kuwa? Ga kada kuma, jaka da takalmi kwance a taɓo suna shan rana. Tambaye shi wa ke da su, mu yi ciniki.

Bazazzagi: Ya ce gandun nan sunansa iSimangaliso, kuma tun 1999 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Wanda ya taɓa dabba ɗaya, kurkuku.

Bakano: Ce masa sari zan yi, ba ɗai-ɗai ba.

Bazazzagi: Ba zan faɗa ba. Ni ina da iyali a Tudun Wada.

Jirgi ya rage gudu kusa da wani garke. Kunnuwa da idanu da hanci kawai ake gani a saman ruwa. Can wata ƙatuwa ta ɗago ta wangame baki, haƙora zaƙo-zaƙo.

Basarke: Allah sarki, hamma take yi, barci ya ishe ta. Sannu, Hajiya!

Bazazzagi: Yaron ya ce ba hamma ba ce. Gargaɗi ne, makamai take nuna maka. Ya ce haƙorin nan kan kai rabin mita, kuma namijinsu kan kai tan ɗaya da rabi, har ya wuce.

Basarke: Awo, na sani. Gwada ku nake yi.

Bakano: To me ya sa ka koma bayan kujerata?

Basarke: Rana ce ta dame ni wancan gefe.

Bazazzagi: Ga wani abin mamaki. Wai duk zamanta a ruwa, dorina ba iyo take yi ba. A ƙasan ruwa take takawa tana tunkuɗa jikinta, ta riƙe numfashi kamar minti biyar sannan ta ɗago.

Basarke: Minti biyar kacal? Ni a Argungu na taɓa nutsewa bayan azahar, ban hito ba sai da aka kira la'asar.

Bakano: Shi ne ranar da aka tsamo ka da taru?

Basarke: Maƙiya ne suka baza wagga magana.

Bazazzagi: Ku dubi bayan waccan, kun ga wani ja-ja kamar jini? Ba rauni ba ne. Wani maiƙo ne fatarta ke fitarwa, yana kare ta daga ƙunar rana da ƙwayoyin cuta.

Bakano: Man shafawa! Ka ga, wannan ba sai an kashe ta ba. A ɗan yi mata susa a kankare a zuba a kwalba. Sarkin Ruwa, kai da kuke 'yan gida, sauka ka ɗebo mana samfur.

Basarke: Ban yi alwala ba.

Suka wuce wani kada da ya baje a gaɓa, baki buɗe, ko motsi ba ya yi. Bakano ya rantse na roba ne aka ajiye don a ci kuɗin baƙi, sai da kadan ya sulale cikin ruwa ba ko ƙara, sannan ya janye gwiwar hannunsa daga bakin jirgi.

Bazazzagi: Ya ce uwar a cikin yashi take binne ƙwai, kuma zafin yashin ne ke sa a ƙyanƙyashe maza ko mata.

Bakano: Yashi?

Bazazzagi: Yashi. Alhamdu lillahi da ba haka mutum yake ba, da tuni Kanawa sun buɗe layin 'yan yashi, na maza kuɗinsa daban.

Bakano: Da ku ne za ku fara zuwa neman bashi.

Wasu Turawa tsofaffi a gaban jirgi ba su ko kula dorina ba. Sun kafa madubin hangen nesa a kan wani reshe, suna raɗa, suna rubutu a ɗan littafi.

Bakano: Waɗancan fa, me suka rasa?

Bazazzagi: Tsuntsaye suke ƙirgawa. Akwai iri sama da 500 a gandun nan. Ga zalɓe can, ga kwasakwasa, ga mikiya mai kamun kifi. Wani daga Jamus yake zuwa don ya ga tsuntsu guda ya rubuta sunansa.

Bakano: Ya rubuta ya kai wa wa?

Bazazzagi: Ya ajiye a gida.

Bakano: Allah Ya ba su lafiya.

Da rana suka shiga mota zuwa Cape Vidal, bakin teku mai nisan sama da kilomita 30 daga gari. A hanya suka ga jakin dawa da ɓauna da mugun dawa, Bakano yana yi wa kowanne kuɗi. Suna isa ya shimfiɗa darduma a kan rairayi, ya kwance ƙunshin kilishin da ya yi ta ɓoyo tun daga Kano.

Basarke: Malam, mi ne ne wancan ke feso ruwa can tsakiyar teku?

Bazazzagi: Manyan kifayen nan ne masu numfashi ta tsakar ka. Daga Yuni zuwa Nuwamba suke wucewa ta nan, daga tekun ƙanƙara na can kudu zuwa ruwan ɗumi na wajen Mozambik, su haihu su shayar.

Basarke: Kifi da nono? Malam, ka ji tsoron Allah. A gidan su aka haife ni.

Bazazzagi: Kuma daga Nuwamba kunkurun teku ke fitowa da dare su yi ƙwai a wannan rairayin. Babbar cikinsu kan kai kilo 500.

Bakano: Ina suke?

Bazazzagi: Yanzu Agusta muke, lokacinsu bai yi ba.

Bakano: To a rage mana kuɗin ƙofa, tunda kaya ba su cika ba. Kai! Kai! Ɓarawo! Malam, biri ya ɗauke kilishin!

Bazazzagi: Ga allo can an rubuta kada a ba birai abinci. Sai ka yi shiru, kada ma'aikata su ji su ce kai ka ba shi.

Bakano: A yi mini sata kuma in yi shiru? Wace irin ƙasa ce wannan?

Bayan isha suka ci abinci a titin McKenzie, babban titin garin. Mai masauki ta riga ta ja musu kunne kada su yi yawo da ƙafa da dare, ga alluna ma a bakin titi masu hoton dorina. Bakano ya ce shi ba zai biya mota a tafiyar da ba ta kai daga Kwari zuwa Singa ba. Suka taka, Malam na gaba da tocila.

Bakano: Wane marar hankali ne ya ajiye mota a kan ciyawar masaukinmu?

Bazazzagi: Alhaji, motar tana tauna.

Bakano: La haula! Dorina ce? A cikin gari? Wa ya sake ta?

Bazazzagi: Rage murya. Kiwo ta fito, kusan kullum haka suke yi a nan. A dare ɗaya takan ci ciyawa wajen kilo 40. Ja da baya a hankali, kada mu tare mata hanyar komawa ruwa, nan ne take kisa.

Bakano: Mu ruga!

Bazazzagi: Da wannan tumbin? Tana gudun kilomita 30 a awa. Kai ko bashi ka hango ba ka yin goma.

Bakano: Sarkin Ruwa, ga ranarka ta zo. Yi mata magana. Sarkin Ruwa? Ina ya shiga?

Basarke: Ga ni nan bisa.

Suka ɗaga tocila. Yana can ƙwanƙolin tankin ruwan masauki, takalmi ɗaya a ƙafa, guru ya zamo har gwiwa.

Bazazzagi: Tankin nan ko tsani babu. Ta ina ka hau?

Basarke: Sirrin gida ne.

Bakano: Ina kiran da kakanka ke yi?

Basarke: Alhaji, maganina na dorinar Kwara ne. Wagga Bazuluwa ce, ba mu san iyayenta ba.

Suka lallaɓa ta bayan gida suka hau baranda. Kafin wani lokaci baƙi daga maƙwabta sun taru a bayan shinge da wayoyi, kowa na miƙa wuya. Bakano ya dube su, ya dubi kujerun barandar guda shida, ya gyara hula.

Bakano: Malam, gaya musu daga nan an fi gani. Kujerar gaba da kuɗinta, ta baya da ragi.

Bazazzagi: Alhaji, barandar ba taka ba ce, dorinar ma ba taka ba ce.

Bakano: Shi mai jirgin tasa ce? Kuma ka ce musu hoton mutumin da ke kan tanki kuɗinsa daban.

Bazazzagi: Ta fa juya, ta nufi tafki. Sarkin Ruwa, sauko, ta tafi.

Basarke: Ɗazu nawa yaron ya ce suke?

Bazazzagi: Wajen 800.

Basarke: To saura 799. Miƙo mini buta da darduma, nan zan yi asuba.