Ranar da Na Tura Dawakai 24 a Ƙofar Gidan Surukai

Tun da abin ya riga ya zaga wayoyinku, gara ku ji daga bakina, domin bidiyon nan nawa da babur da ƙanin matata yake yaɗawa an yanke farkonsa, an kuma ɗora masa kiɗa. Sannan ban faɗi ba. Ku sake kallo da kyau, durƙusawa na yi.

Kun dai san tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 na jingine motar nan na koma kan roba-roba. Ina lallaɓa abata lafiya lau, sai wata rana a danjar Zoo Road wani yaro ya tsaya gefena a kan babur ƙirar Pulsar NS200, ya ɗan murɗa totur sau ɗaya. Wallahi ji na yi kamar a kan keken ɗinki nake zaune. Wata bai zagayo ba na sayar da roba-robar, na kwashi adashi, dillali ya samo mini na hannu, ja da baƙi, fes da shi. Kada wanda ya tambaye ni nawa. Uwargida ma rabin kuɗin ta sani, in kuma ta karanta wannan, to wasa nake yi.

Kafin babur ya zo hannuna na riga na haddace shi kamar mai shirin musabaƙa. Kamfanin Bajaj na Indiya ne ya ƙera shi, masu Boxer ɗin nan da ake ɗaure wa buhu uku a baya, amma wannan shi ne ɗan gatan gidan. A 2012 aka fara fito da shi. Girman injinsa cc 199.5 ne, silinda ɗaya, amma filogi uku ke ba ta wuta. Da ruwa yake sanyaya kansa, yana da lagireto kamar mota. Giya shida, ta farko a taka ƙasa, sauran biyar a ɗaga sama. Birkin faifai gaba da baya, tanki lita 12, ƙarfin doki wajen 24. Kuma injin ɗan'uwan na KTM Duke 200 ne, na ƙasar Ostiriya, wannan na fi son faɗi domin babu mai iya yi mini musu a kai. Abin da ya ja ni ke nan: a wajen shan mai, ƙaramin babur ne, a kan titi kuwa kowa sai ya waiwayo ya ce ga fawa baik. Uwargida da ta gan shi kujerar baya kawai ta duba, wadda aka ɗage sama kamar gurbin kaza, ta ce, "Yallaɓai, nan kuma wa zai zauna?" Na ce ai tun 2013 aka hana acaɓa a Kano, ba goyo na sayo shi in yi ba.

Roba-roba ba ta da kuloci a hannu, taka giya kawai ake yi a tafi. Dare uku na yi ina koyon kuloci a bayan layi bayan isha'i, na huɗu na ce na iya.

Sai ga suna. Ƙanwar matata ce, haihuwar fari, tana gida wanka, don haka a ƙofar gidan surukaina aka yi zaman. Iyali suka yi gaba a Adaidaita Sahu. Ni kuwa na ɗauko farar babbar rigata ta Sallah, na cusa zanna bukar a aljihu, na kifa hular kwano. Wanda ya tsara babur ɗin nan bai taɓa ganin babbar riga ba. Ana ɗan duƙawa ne a kansa, iska ta shiga ta hammata, na taho kamar lema mai taya biyu. Amma na isa da mutuncina. Na kashe, na kafe shi daidai gaban tabarmi, na cire takalmi na durƙusa na gaida Baba. Yara suka yanyame babur. Aka yi addu'a, aka raba goro da dabino, aka kawo waina. Wani ya tambaye ni cc nawa ne, shi ke nan, kamar an buɗe famfo. Minti 20 ina tsaye ina nuna lagireto da yatsa.

Ƙarfe tara na yi sallama. Na sake durƙusawa gaban Baba, na hau, na murɗa makulli. Allo ya kawo wuta. Na matse kuloci, na ɗan dubi jama'a, na danna sitata.

Shiru.

Ba irin shirun babur mai tari yana neman tashi ba. Shiru ɗungurungum, har ina jin ƙarar cokali a kofin shayin wani. Na sake dannawa. Na kashe makulli na kunna. Na danna da ƙarfi, kamar ƙarfin yatsa ne ya gaza. Na yi bismilla a ɓoye, na yi a bayyane. Zufa ta fara bin bayana a cikin hular kwano, kuma na kasa cire ta, domin ita kaɗai ce ta rage tsakanina da idon Baba.

Tsohon nan na majalisarsu, wanda ya yi aiki a jirgin ƙasa, shi ya fara tasowa. Ya ce batir ne. Na ce ga fitila tana kawowa, hon ma yana yi. Na danna hon don in nuna masa, duk matan da ke zaure suka leƙo. Ya ce to filogi ne, a kwance a kankare. Na ce uku ne. Ya ce, "Uku? Yo ai shi ya sa. Kowanne yana jiran ɗan'uwansa ya fara." Aka yi dariya, har da Liman. Wani ya ce tun da da ruwa yake aiki, ƙila ƙishi yake ji, ya aiki yaro ya sayo fiya wata. Da ƙyar na kare lagiretona da hannu biyu. Daga cikin zaure na ji muryar gwaggon matata, ba ta ko sassauta ba: "Wanda ya hau motar kwaɗayi, ai an san tashar da zai sauka."

Aka yanke shawara a tura. A sa giya ta biyu, a matse kuloci, in ya ɗauki gudu a saki. Samari huɗu suka kama. Babur ɗin ya haura kilo 150, ga ni a kai, ga layin duk yashi. Muka tafi har bakin masallaci, na saki kuloci, ya yi gurnani kaɗan ya tsaya. Muka juyo. Muka wuce gaban tabarmi, jama'a suna bin mu da kai kamar masu kallon sukuwa. Muka kai wajen mai markaɗe, muka juyo. A zagaye na uku samarin suka ce nauyina ne ya hana shi gudu, in sauka in tura tare da su, in ya yi gudu in ɗare. Dawakai 24 da na gama yi wa kirari, ga ni ina tura su cikin babbar riga. Na ruga, na ɗaga ƙafa, kujerar ta fi santimita 80 daga ƙasa, ni kuma kun san tsayina. Gefen riga ya maƙale a matakin baya, na ji ƙyaaat, tayar baya ta cije, sai ga gwiwoyina biyu a yashi, hannuwana suna riƙe da kan babur, daidai saitin tabarmar Baba. Wannan shi ne abin da ake ce muku faɗuwa. Baba ya dube ni, ya dubi babur, ya ce, "Allah Ya sawwaƙe." Da ma zagina ya yi.

A daidai wannan lokacin mutumin nan ya iso. Kun san shi, ba sai na kama suna ba. Wanda muka yi zaryar layin nan tare, muna takarar neman auren matata, shekara 11 da suka wuce, shi da turarensa mai hawa kai. Ya tsaya da mota a gefena, ya sauke gilashi rabi, sanyin cikin motar ya bugi fuskata, ya ce, "Ango, ko mai ne ya ƙare? Akwai jarka a but."

Ango. Shekara 11, 'ya'ya huɗu, har yau Ango yake ce mini, da wani murmushi kamar aro aka ba ni zai zo karɓa. To ni tambayata, me ya kawo shi sunan? Wai mijin mai jego ɗan ajinsu ne. Ɗan ajinsu! Garin nan kowa ɗan ajin wani ne, ba a kuma ga duk sun zo ba. Wannan mutumin ranar ɗaurin aurena sahun gaba ya zauna, ya fi waliyyi ɗaga murya wajen cewa amin, ya ci shinkafa faranti biyu, sannan ya riƙa gaya wa mutane cewa motar da aka ɗauki amarya ta haya ce. Ta haya ce, amma shi aka tambaya? Sallar bara ya tare yarana a ƙofar gidan kakansu ya ba kowanne sabuwar dubu ɗaya a gabana, ni da na ba su ɗari biyu-biyu da safe. Ƙaramar har yau "Kawu mai sabon kuɗi" take ce masa. Na yi magana a gida aka ce ni ne mai riƙo. Kuma motar da yake taƙama da ita, ku tambayi masu gyara a Ƙofar Ruwa sau nawa aka sauke mata inji. Ban ce komai ba, ni ba mai tonon asiri ba ne. Amma ku tambaya.

Na ce masa mai cike yake, na gode. Ya fito, ya zagaya babur ɗin hannu a baya, ya ƙwanƙwasa tanki da makullin motarsa, tankin da nake gogewa da tsumma na musamman. Ya ce in babu damuwa yana da igiya, sai ya ja ni har gida. Ku yi tunani: ni a ɗaure a bayan motarsa, mu ratsa gari. Ya juya wajen jama'a ya ce shi abin hawan da ba shi da ƙofa bai taɓa yarda da shi ba. Aka yi dariya. Ba ta kai ta tsohon jirgin ƙasa daɗi ba, amma aka yi masa, saboda ya kawo lemo katan biyu.

Ashe an aika gareji na bakin titi. Ogan ba ya nan, sai aka turo yaronsa. Bai fi shekara 12 ba, riga har gwiwa duk baƙin mai, yana shan rake. Ko sifana bai riƙo ba. Na fara yi masa bayanin filogi uku da lagireto, bai ko kalle ni ba. Ya leƙa allo, ya leƙa hannun dama, ya sa ƙaramin yatsa, domin sauran suna riƙe da rake, ya taɓa wani ɗan jan makunni a saman sitata. Ƙas.

"Baba, danna."

Na danna. Babur ya tashi da wata irin ƙara mai daɗi, irin wadda na so a ji tun minti 40 da suka wuce. Makunnin kashe inji ne. In yana kashe, ko garin nan duka za su tura ka wuta ba za ta je filogi ba, ɗaya ne ko uku. Roba-robata ba ta da shi, a haddata kuma babu wannan shafin. Yaron ya tofar da ɓawon rake ya ce ɗari biyar. Na laluba, babu canji, sai zanna bukar da ta murƙushe. Kafin mutumin nan ya kai hannu aljihu, Baba da kansa ya zaro ya biya. Wannan kam na gode masa har zuciya.

Na tattare yagaggiyar riga, na taka giya, na ce bari in bar layin nan da sauran abin da ya rage. Na saki kuloci gaba ɗaya. Babur ya yi tsalle ɗaya ya mutu. Yaron ya waiwayo daga nesa ya ce, "Baba, wannan kuma ba makunni ba ne."

Ni dai na ce yaran da suka yanyame shi ne suka taɓa. Uwargida ta ce daga zaure tana kallo, ni na danna da hannuna lokacin da nake bayani, har na ce wa jama'a wannan kwalliya ce. Ban tuna haka ba. Ƙanin nata ya ce yana da bidiyon wannan ma, na ce ya riƙe abinsa.

Babur dai yana nan lafiya, lita ɗaya tana kai ni wajen kilomita 35 in ban yi ganganci ba. Tsohon jirgin ƙasa jiya ya aiko a gaya mini in canza batir. Riga tana wajen tela, ya ce in dawo Alhamis, yagar ta bi ta kan aiki. Na ga mutumin nan ya sa alamar dariya har uku a ƙarƙashin bidiyon. Wa ma ya sa shi a zauren danginsu?