Cokalin man zaitun da ake son ya gaji likita

Kwanakin nan duk inda ka leƙa a Facebook ko TikTok sai ka ci karo da wani ya ɗaga kwalbar man zaitun yana rantsuwa cewa cokali ɗaya da sassafe ya raba ka da ciwon zuciya. Hujjarsu guda ce: mutanen gaɓar tekun Bahar Rum da shi suke girki, kuma zukatansu garau. Da abin ya tsaya a ciniki da ban tanka ba, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Abin da ya tunzura ni shi ne waɗanda ake yi wa tallan, wato dattawa masu hawan jini da ciwon suga.

Wani dattijo da muke mutunci, ya haura sittin, ya nuna mini tasa kwalbar yana murmushi. Tana kan tebur kusa da farantin soyayyen nama da lemon kwalba. Ƙwayoyin hawan jininsa kuwa suna cikin durowa, ko ɗaya bai ɓalla ba tun watan jiya. "Ai na koma na gargajiya," in ji shi.

Masu tallan suna yawan jingina da wani bincike da aka yi a Sifaniya mai suna PREDIMED, amma ina shakka ko sun wuce kanun labarinsa. An ɗebi mutum 7,447 masu shekara 55 zuwa 80, dukkansu masu ciwon suga ko wasu alamomin haɗari aƙalla uku, aka bi su kusan shekara biyar. Gaskiya ne an riƙa ba wani rukuni man zaitun kyauta, kimanin lita ɗaya a mako, wani rukunin kuma giram 30 na 'ya'yan itace masu ɓawo dangin almon kullum. Gaskiya ne kuma bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da mutuwa ta dalilinsu sun ragu da kusan kashi 30 cikin 100, kodayake mafi yawan ribar ta ɓangaren shanyewar jiki aka gan ta. Amma man ba shi kaɗai ya zo ba. Duk wata uku masana abinci na zama da su da jerin tambayoyi 14: wake sau uku a mako, kifi sau uku, ganye da 'ya'yan itace kullum, jan nama da lemon zaƙi ƙasa da sau ɗaya a rana. Kuma babu wanda aka ce ya ajiye maganinsa. Faranti ne guda aka gyara, 'yan kasuwa suka tsame abu ɗaya da ke shiga kwalba, suka watsar da wake don wake ba ya kawo riba.

Akwai masu cewa tunda mujallar da ta buga binciken a 2013 ta janye shi, to duk zancen banza ne. Sun manta an gyara lissafin an sake bugawa a 2018, sakamakon bai yi nisa da na farko ba.

Amma babbar rigimata da kalmar "gargajiya" ce kanta, da ake furta ta kamar tsufan abinci shi ne shaidar lafiyarsa. Binciken ƙasashe bakwai da wani masani Ba'amurke, Ancel Keys, ya fara a 1958 ya nuna manoman tsibirin Kirit na Girka ba su cika kamuwa da ciwon zuciya ba. To a binciken nan dai aka ga mutanen gabashin Finland suna mutuwa da shi fiye da kowa, kuma su ma abincin kakanninsu suke ci: man shanu a kan burodi, madara da kitsenta, nama da kifi da aka jibga wa gishiri, ga taba a baki. Ma'aikatan katako ne, ƙarfafa, ba ragwaye ba, amma suna faɗuwa tun ba su kai sittin ba. A 1972 aka ƙaddamar da shiri a lardin Kareliya ta Arewa da ke gabashin Finland ɗin, ƙarƙashin wani matashin likita, Pekka Puska. Me aka yi? An lallashi mutane su saki al'adar tasu: man tsirrai a madadin man shanu, rage gishiri, barin taba, auna jini. Cikin shekara arba'in mutuwar maza masu ƙarfin aiki ta dalilin ciwon zuciya ta ragu da fiye da kashi 80 cikin 100. Ko kwalba ɗaya ta man zaitun ba su buƙata ba.

Su kansu manoman Kirit ɗin, talauci ne ya tsara musu farantinsu. Nama sai ranar biki, tafiya a ƙafa hawa da gangara, aikin gona daga safe zuwa yamma. Yau jikokinsu na da man zaitun iya son ransu, amma yaran Girka da Italiya na sahun gaba a Turai wajen ƙiba. Mai cewa ai jininsu ne daban, sai ya bayyana mana yadda jinin ya sauya cikin shekara sittin.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe kimanin mutum miliyan 17.9 a 2019, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali. Da irin wannan adadi ake wasa don a sayar da kwalba. Hukumomin da ke sa ido kan magunguna su bi masu wannan talla, likitoci kuma su daina sallamar majinyaci da "ka kula da abinci" kawai, su tambaye shi abin da ya ci jiya, su faɗa masa gishirinsa kada ya kai giram biyar a rana.

Dattijon nan dai na sa ya fito da ƙwayoyinsa daga durowa, muka yi da shi zai je a auna shi ranar Litinin. Kwalbar na bar masa, na ce ya zuba a kan wake.