Wasan Haɗa Hoto Ba Sai Na Kanti Ba

Iyaye da yawa suna ɗauka cewa wasan haɗa hoto ba ya amfanar yaro sai an sayo na roba mai tsada, suna ganin wanda aka yi da tsohon kwali shirme ne kawai. Wannan fahimta ba daidai ba ce, domin abin da ke kaifafa tunanin yaro shi ne duba gefen kowane yanki da jujjuya shi har ya dace da ɗan'uwansa, kuma kwali yana ba da wannan dama sarai. Asalin wasan ma, a Landan cikin shekarun 1760, taswira ce John Spilsbury ya liƙa a kan katako ya yayyanka ta bisa iyakokin ƙasashe don koyar da yara.

A gida, sai a liƙa hoton tsohuwar kalanda a kan kwalin taliya da gam, a bari ya bushe, sannan babba ya yanka da almakashi. Yanki 4 manya sun ishi ɗan shekara 3, kuma kada a yanka ƙananan da yaro zai iya haɗiyewa.