Hulata ta riga ni komawa Bonn

Ranar Asabar ɗin da ta wuce, ni da abokaina biyu, wani Bazazzagi da wani mutumin Maraɗi, muka hau jirgin ƙasa daga birnin Bonn na ƙasar Jamus muka sauka a Koblenz, muka ɗauki hayar kekuna da niyyar mu bi gaɓar kogin Rhine har garin Bingen, tafiyar kimanin kilomita 65. Shawarar ba tawa ba ce, amma ni na fi kowa cika baki, domin tun a cikin jirgi na shaida musu cewa wanda ya tashi yana kai niƙa a kan keke a lungunan cikin birnin Kano ba ya bukatar a koya masa komai game da abin da ke tafiya da feda da sarƙa. Mai shagon hayar kekunan ya miƙo mini hular kwano na ce ya bar abarsa, tunda doka a Jamus ba ta tilasta wa mai keke sa ta ba, kuma ga zanna bukar ɗita a kai, wadda aka ɗinka mini lokacin bikin ƙanina.

Tun kafin mu bar wurin da kogin Mosel yake haɗuwa da Rhine na lura da abu biyu a jikin keken: burki ɗaya ne kawai a hannu, kuma idan na nemi mayar da feda baya sai ta cije. Nan take na yanke hukunci cewa an ga baƙo an ba shi keken da ya kusa mutuwa, kuma na yi ta maimaita wannan ƙorafi har muka hango Marksburg a tsallaken ruwa, wato fadar dutsen da aka ce ita kaɗai ce a cikin fadojin kan tsauni na wannan kwari na Rhine ba a taɓa rushewa ba. Mutumin Maraɗi, wanda ya yi karatun tafiyar kamar mai shirin jarrabawa, shi ne yake ta sanar da mu cewa fadojin sun kai kusan 40, kuma UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi da al'adu, ta sa kwarin cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2002. Gaskiya wurin yana da kyau, ga gonakin inabi sun hau jikin tsaunuka hawa-hawa, ga jiragen dakon kaya suna wucewa a hankali, amma ni ban samu sukunin kallo ba daga lokacin da muka bar garin Boppard, domin a nan ne wata tsohuwa mai keke ta shiga rayuwata.

Idan na yi mata adalci ba za ta gaza shekara 70 ba. Gashin kanta fari fat, tana zaune ƙyam a kan sirdi kamar an ba ta kujera a gidan biki, da kwando a gaba, a cikin kwandon kuma akwai burodi da wani ɗan kare mai kama da tsumman goge mota. Ta kaɗa mini ƙararrawa sau ɗaya, ba da ƙarfi ba, ta wuce ni. Na ji abin a raina, na sunkuya na taka da iyakar ƙarfina har na cim mata na wuce, ina kallon gefe kamar fadar da ke kan tsauni ce ta ɗauke mini hankali. Ba a yi minti goma ba na sake jin ƙararrawar a bayana. Sau uku muka yi haka da ita kafin St. Goar, kuma a duk ukun numfashinta bai canja ba, alhali ni rigata ta jiƙe sharkaf, cinyoyina suna rawa kamar mazari. Da Bazazzagi ya fara murmushin nan nasa, sai na yi masa bayani cikin natsuwa cewa keken tsohuwar mai batir ne, kamar yadda kekunan tsofaffi da yawa suke a ƙasar nan, saboda haka da inji nake tsere ba da mutum ba, kuma a hakan ma na wuce ta sau uku.

A St. Goar, ƙarƙashin kufan fadar Rheinfels, muka tsayar da shawara mu tsallaka zuwa St. Goarshausen don mu hau dutsen Loreley. Tsakanin Koblenz da Bingen babu gada ko ɗaya, sai jirgin fito mai ɗaukar motoci da mutane, kuma hanyar shiga jirgin gangara ce da take ƙarewa a kan wani faffadan ƙarfe wanda ruwa ya jiƙa. Duk masu kekuna suka sauka suna turawa, har da tsohuwar, wadda na tarar ta riga mu isowa. Ni kuwa na ga cewa wannan ita ce damar da zan dawo da martabata a gaban jama'a, sai na ƙi sauka.

Akwai wani wasa da muke yi muna yara idan muka shigo layi da gudu: mutum ya miƙe tsaye a kan feda, ya juya ta baya da sauri sarƙa tana kuka, don masu talla su san cewa gwani ya iso. Shekara fiye da 20 rabona da yin wannan wasa, kuma har yanzu ban san shaiɗanin da ya tuna mini da shi a kan wannan gangara ba. Na manta sarai cewa fedar tana cijewa. Na miƙe, na gyara kafaɗa, na danna ƙafar dama baya da dukkan nauyina.

Tayar baya ta tsaya cak, kamar an ɗaure ta da igiya a jikin bishiya. Keken ya ci gaba da sulɓewa a kan jiƙaƙƙen ƙarfen, gindinsa ya fara zagayowa yana neman ya riga gaba isa, ni kuma cikin firgici na damƙe burkin nan ɗaya da ke hannuna, wanda a lokacin ne na tabbatar na tayar gaba ne. Ina iya tuna kowane ɗan lokaci na abin da ya biyo baya. Na ga kan keken ya wuce ta ƙarƙashina. Na ga fadar Katz, wato Kyanwa, da ke saman garin tsallake, ta juya ƙasa ta koma sama. Na ga fuskar wani yaro a bayan gilashin mota yana lasar askirim, ya tsaya da harshensa a waje. Na ji bakina yana salati da ƙarfi, kuma abin da ya fi ba ni kunya shi ne bayan salatin na kira sunan mahaifiyata, ni mai 'ya'ya uku. Daga nan na sauka a kan kafaɗa, na yi sulu kamar buhun da aka jefo daga kan tirela, na tsaya daidai gaban takalman ma'aikacin jirgin. Jakar da ke kan kariya ta buɗe, dabinon da na yi guzuri ya watse, kowane ƙwaya ya kama gabansa.

Hular ce ta ƙarasa ni. Ta fita daga kaina ta faɗi a kan gefenta, maimakon ta kwanta sai ta fara gangarawa kamar taya, a hankali, cikin mutunci, ta ratsa tsakanin ƙafafun mutane, kowa yana ɗaga ƙafa yana ba ta hanya, babu wanda ya yi tunanin tare ta. Ta kai bakin ƙarfen ta ɗan yi jim kamar mai ban kwana, sannan ta faɗa ruwa. Ina kwance ina kallonta tana lilo a kan igiyar ruwa ta nufi arewa. Bazazzagi, wanda ko hannu bai miƙo mini ba saboda hannun yana riƙe da waya, ya ce: "Malam, kada ka damu, ruwan nan ta Bonn zai bi, sai dai ka tarar da ita a gida."

Da a ce jama'ar jirgin sun yi dariya, da abin ya zo mini da sauƙi, domin da sai in tashi in taya su, a wuce wurin. Babu wanda ya yi. Kowa ya kawar da kai cikin ladabi, aka bar ni da tsohuwar, wadda ta jingine kekenta, ta zo ta tsaya a kaina, ta tambaye ni ko na ji ciwo, ta ciro filasta daga jaka ta manna mini a gwiwar hannu ba tare da ta nemi izini ba. Sannan ta ɗaga kekena, ta ɗaga tayar baya, ta juya feda gaba tayar ta yi gudu, ta mayar da ita baya tayar ta tsaya. Ta maimaita har sau uku, tana kallon fuskata don ta tabbatar darasi yana shiga, tana furta kalmar Rücktritt a rarrabe kamar malamar rabin aji. Ashe burkin baya a cikin cibiyar tayar yake, da feda ake taka shi, kuma keken da na yi kilomita fiye da 30 ina zagi lafiyarsa ƙalau. Ta ƙara da cewa jikokinta da irinsa suka koyi tuƙi. Wannan jimlar ba ta da wani amfani a cikin bayanin, kuma har gobe ina ganin da gangan ta faɗe ta.

Tsallakawar 'yan mintoci ce, amma na yi amfani da su wajen zagaya kekenta ina duba ƙarƙashin kariya da jikin ƙarfen tsakiya da cibiyar taya, ina yi kamar dabino nake tsinta. Babu batir. Babu ko waya, in ban da ta fitila. Tsohon keke ne baƙi mai nauyi, wanda ina jin ya girme ni. Ɗan karen nan kuwa yana cikin kwando yana taunar dabinona yana kallona, kuma ita ta ga yana ci, ta ciro ƙwallon daga bakinsa ta bar masa sauran. Ma'aikacin jirgin ya jira na gama karkaɗe wando, sannan ya miƙo hannu ya karɓi kuɗin fito, nawa da na keke, babu ragi. Mutumin Maraɗi ya ga wannan ne lokacin da ya dace ya sanar da ni cewa karɓar kuɗi a kan wannan ruwa tsohuwar sana'a ce, domin a gaba kaɗan, kusa da Kaub, akwai fadar Pfalzgrafenstein da aka fara ginawa a tsakiyar kogi a shekarar 1326 musamman don tare jirage a karɓi haraji. Na ce masa ya riƙe tarihinsa.

Dutsen Loreley yana da tsawon mita 132 daga saman ruwa, kuma mutanen wurin suna da tatsuniyar wata 'yar ruwa da take zama a kansa tana taje gashi tana waƙa har matuƙa jirage su shagala su daki duwatsu. Bazazzagi ya riga ya sanar da duk wanda ya sani cewa ita ce ta kira ni, kuma shekarunta 70 da kwando. Su biyu suka hau dutsen, ni na zauna a kan benci a bakin ruwa ina gadin kekuna, kaina a buɗe, rana tana dukan sanƙon da hular take rufa wa asiri tun bara. Tsohuwar ta bi hanyar Kaub, kuma da ta zo wucewa ta gabana ta kaɗa ƙararrawa sau ɗaya, wanda mutumin Maraɗi ya ce gaisuwa ce, ni kuma ban yarda ba.

Ba mu kai Bingen ba. Mun sake biyan kuɗin fito muka dawo St. Goar, a wannan karon ina tura keken da hannu biyu, muka lallaɓa har Bacharach, inda muka ci abinci muka hau jirgin ƙasa zuwa Koblenz. Mai shagon ya duba keken bai ga komai ba sai ɗan ƙujewa a jikin ƙararrawa, ya tambaye ni ko burkin ya yi mini daidai, na ce ya yi. Uwargida ta tambayi hular tun ina bakin ƙofa, na ce mata tana hanya.