Kayan Dubai Ba Ya Ƙarya

ALHAJI: Kai yaro, kwamfutar nan taka ba ta da tarbiyya. Ta gidana ma haka ta ƙi karɓar had dis ɗin nan nawa na ajiye hotuna.

MAI GYARA: Alhaji, in kwamfuta biyu suka ƙi had dis ɗaya, ai sai a duba shi had dis ɗin.

ALHAJI: Haɗa baki suka yi. Ɗaga ka ji nauyi. Da hannuna na sayo shi a Dubai.

Dubai ɗin nan awa uku Alhaji ya yi a cikinta, jiran canjin jirgi, amma shekara biyu kenan unguwa ba ta huta ba.

MAI GYARA: Bari mu canja kebul. Sau da yawa shi ne yake tsinkewa ta ciki.

ALHAJI: Kada ka kuskura! Kebul ɗin Dubai za ka cire ka sa masa na Sabon Gari? Ka taɓa ganin an ɗaura wa ingarma igiyar akuya?

MAI GYARA: To mu mai da shi ramin USB na baya, ya fi na gaba ba da wuta.

ALHAJI: Baya? Kayana ba ya bin ƙofar baya.

Sai da mai shayin gefe ya sa baki kafin Alhaji ya yarda, shi ma da sharaɗin a goge ramin da hankici. Ana sawa aka ɗauke wuta. Babu wanda ya ko ɗaga kai, yaron shago ya tafi jan janareta.

MAI GYARA: Yauwa, ga shi ya fito a Disk Management, inda kwamfuta ke jera ma'ajiyanta, amma ta ce ba a shirya shi ba. Akwai abin da ka zuba a ciki? In na shirya shi na yi fomat, komai ya tafi.

ALHAJI: Ban zuba ba. Na ajiye shi ne don hotunan ɗaurin aurena na uku.

MAI GYARA: Allah ya kai mu. Terabayit nawa aka ce maka?

ALHAJI: 8. Mai kayan ya so ya ba ni 16, na ce ba na son riya.

MAI GYARA: To tsarin shirya shi iri biyu ne: MBR ba ya wuce terabayit 2, sai dai GPT.

ALHAJI: Wanne ya fi tsada?

MAI GYARA: Duk kyauta ne.

ALHAJI: Sa mini duka biyun.

Mai gyara ya danna GPT, kwamfuta ta ƙi. Ya sake, ta sake ƙi. Ya kara had dis ɗin a kunne kamar mai sayen kankana.

MAI GYARA: Alhaji, faifan ciki juyawa yake yi, sau 5400 a minti ɗaya, dole a ji ɗan gurnani. Wannan shiru kamar maƙabarta.

ALHAJI: Kunya gare shi. Kayan manya ba ya surutu a kasuwa.

MAI GYARA: In kuma SSD ne, marar faifai, shi ba ya ƙara, amma ba ya nauyi haka. Ka bar ni in buɗe.

ALHAJI: Buɗe! Buɗe ka ga aikin Turawa, ko ka ƙaru.

Sukundireba ta shiga, murfi ya ɗaga. Ga ɗan filashi kamar ƙwayar dabino, an manna shi da gam, gefensa kuma manyan notoci biyu irin na tayar tifa. Mai shayi ya shaƙe da nasa shayin.

MAI GYARA: Ga nauyin da kake ji, Alhaji.

Alhaji ya ɗauki noti ɗaya, ya juya shi a haske, ya gyara zaman hula.

ALHAJI: Ka ga ƙarfe ko? Shekara biyu ko ɗigon tsatsa babu. Nemo mini irinsa a nan in gani.

MAI GYARA: Kuɗin aiki fa?

ALHAJI: Wane aikin? Lafiyayye na kawo shi ka farke masa ciki. Mai da mini notocina yadda ka same su.