Jure wa haskoki daban, tare su daban

A Maradi, wasu ɗalibanmu da suka ji cewa ferobskit, sabon sinadarin farantin sola, yana jure haskokin sararin samaniya, sun ɗauka zai iya maye gurbin dalma wajen tare haskoki a ɗakin rediyo na likita, inda ake ɗaukar hoton cikin jiki. Ba haka ba ne. Jurewar tana nufin shi kansa ba ya saurin lalacewa. Shimfiɗarsa a faranti ba ta kai kaurin maikiron ɗaya ba (kashi ɗaya cikin dubu na milimita), hasken rediyo ratsa ta yake ya wuce kamar ruwa a rariya. Tarewa nauyi take so da kauri. Ferobskit mai dalma nauyinsa bai kai rabin na dalma zalla mai girma ɗaya da shi ba, sai an jibga shi sosai. Mai ɗaukar hoton ƙirji kada ya ajiye rigarsa ta dalma.